Sai Wanda Aka Ceta Ya Faɗa

Sandar da Dasiyus ya yanka tun gashinsa yana baƙi, da ita matarsa Tattaya take tokare ƙofa. Reshen inabi ne mai gaɓoɓi, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙugu, irin wanda shugaban ɗari, mai jagorancin soja ɗari, kaɗai yake riƙewa a rundunar Roma. Ya yanko shi a shekarar da aka fara yi masa alkawarin girma, ya kankare, ya yi ta shafa masa man zaitun har ya yi sheƙi. Da alkawarin ya bi ta kansa ya wuce, sai ya kai sandar bukkar Tattaya a bayan ganuwa, don soja bai isa a gan shi da ita a bariki ba tun ba a ba shi ba. Ita kuwa Tattaya ba ta barin abu ya zauna ba aiki. Ta kori agwagi da ita, ta kakkaɓe ulu, daga bisani ta gane ƙofarta ce ta fi kowa bukatarta.

Dasiyus mataimakin shugaban ɗari ne a sansaninmu na bakin kogin Danuba. Aikin mataimaki a fagen fama shi ne ya tsaya a bayan sahu da doguwar gora, duk wanda ya fara ja da baya, ya tura shi ya koma. Ba aikin da ake yi wa waƙa ba ne, amma kowa ya san sahun da ba kowa a bayansa ba ya daɗewa. Sau nawa wani shugaban ɗari ya mutu ko ya tafi, sanda ta faɗi a sansanin nan, sau nawa muka ce wannan karon ta Dasiyus ce? Sai a wayi gari jirgi ya kawo wani daga Roma, fatarsa ko rana ba ta sani ba, ashe kawunsa ya taɓa cin abinci da wani ɗan Majalisar Dattawa. Mu da muka sha ruwan tsami tare da shi mun daina zancen, don abin yana ƙona mana rai.

Dasiyus ba dukan mutane da sanda yake marmari ba. Shugaban ɗari yana da ɗakunansa a ƙarshen bariki, da murhunsa, in ya shigo da mace ba mai ɗaga ido. Doka ta hana soja aure, saboda haka Tattaya ta tsufa a bukkar da ruwa ke shiga, matarsa a wurinsa, ba kowa ba a wurin hukuma. Ban da wannan kuma, Dasiyus ya gaji da kallon ƙeya. Yana so sau ɗaya a rayuwarsa ya tsaya a gaban mutanen da ya yi ta tsarewa daga baya. Lokacin sallamarsa ya matso, furfura ta ci rabin kansa, kuma sanda ɗaya ce ta rage wadda za ta iya faɗuwa kafin nan, wato ta tsoho Firmus, shugaban ɗarinsu.

Firmus ya san da haka, ba ya kuma ɓoyewa. In ya yi tari da safe sai ya juyo ya harari mataimakinsa.

"Daina kallona haka, mai jiran gawa. Ban mutu ba tukuna."

"Ranka ya daɗe," in ji Dasiyus, "amma a yi hankali kada ya wuce gona da iri."

Tsohon ya yi ta dariya har tarin ya dawo. Ya sha faɗa wa Shugaban runduna cewa sandarsa ba mai gadonta sai Dasiyus, shi kuma Shugaban ya sha gyaɗa kai, irin gyaɗa kan manya da ba ya nufin komai.

A bazarar wannan shekara Mamiliyus ya iso. Saurayi ne da gemunsa bai gama haɗuwa ba, amma rigarsa tana da faffaɗan ratsin shunayya na 'ya'yan 'yan Majalisa, don haka ranar da ya sauka daga jirgi shi ne na biyu a runduna gaba ɗaya. Haka tsarin yake: wanda ubansa ke Majalisa sai ya ɗan taɓa aikin soja na shekara guda kafin ya koma gida ya nemi tasa kujerar. Mun ga irinsu da yawa. Yawancinsu a gidan wanka suke ƙare shekarar.

Gaskiya dai Mamiliyus ba mugu ba ne, kuma wannan shi ya fi ba ni haushi a labarin. Yana cin gurasarmu mai tsakuwa ba ya yamutsa fuska. Ya liƙe wa Dasiyus ya koya masa takobi a jikin turke, yana kiransa abokin yaƙi, in ya faɗi a ƙura ya tashi yana dariya. Dasiyus da bai haihu ba ya sake masa fiye da kima. Har ya taɓa gyara masa igiyar kwalkwali a gaban mutane, yana masa faɗa kamar wanda ya raina da hannunsa.

A ƙarshen kaka aka tura ɗarin Firmus da wasu ɗarurruka biyu ƙetaren kogi su saro katakon gyaran ganuwa kafin sanyi ya rufe hanya. Mamiliyus ya roƙi a bar shi ya jagoranci fitar, don shekararsa ta wuce rabi bai ga jinin abokin gaba ba, kuma ba ya son ya koma Roma ba labari. Aka bar shi. Da hantsi, suna tsakiyar kurmi, mutanen ƙetare suka ɓullo daga cikin itatuwa. Firmus ya haɗa sahu, garkuwa jikin garkuwa, kamar yadda ya saba. Mashin farko da ya sami mutum shi ya samu, a maƙogwaro, ya faɗi da sandarsa a hannu.

In shugaba ya faɗi, ɗarin ta koma hannun mataimaki. Abin da Dasiyus ya yi shekaru yana jira ya zo masa ke nan, cikin taɓo da ihu. Bai kai ga buɗe baki ba sai ya hango farin dokin Mamiliyus can gefe, nesa da sahu, inda saurayin ya bi wasu da suka yi kamar gudu. Dokin yana kwance, ƙafar mahayin a ƙarƙashinsa, wani ƙato ya nufo shi da lauje mai doguwar ƙota. Dasiyus bai tsaya tunani ba. Ya ƙwala wa mai tuta kira ya riƙe sahu, ya jefar da gorar, ya ruga.

Ya soke ƙaton ta ƙarƙashin hammata. Wasu suka zo, ya tsaya ƙafa ɗaya a kowane gefen saurayin, garkuwarsa tana shan sara, aka tsaga masa kafaɗa bai matsa ba. Yana jin hannu biyu sun rungume masa ƙwauri, da wata murya ƙasa-ƙasa tana maimaitawa:

"Baba, kada ka bar ni. Baba."

Sai da rana ta karkata sauran ɗarurrukan suka karya mutanen ƙetare suka iso wurin. Kafin su matso Dasiyus ya ga saurayin ya ɓata jikinsa don tsoro, ya kwance jan bargonsa ya lulluɓe shi, ya ce da kowa sanyi yake ji. Da ya juya ya dubi inda ya bar ɗarinsa, ransa ya ɓaci ƙwarai. Sahun da ba kowa a gabansa ba kowa a bayansa ya tsage a tsakiya, kuma an rasa mutane a wurin tsagewar. Cikinsu har da Tarsa, wanda shi da wansa Bitus suke kwana tanti ɗaya da Dasiyus tun suna sababbin shiga.

Duk da haka, da aka koma sansani aka ƙona gawawwaki, bariki ya ɗauki magana ɗaya: kambin ganye. Al'adar ta girmi Kaisar sarkin Roma, ta girmi kakan kakansa. Wanda ya ceci ran ɗan Roma a fagen fama, ya kashe wanda ya zo kashe shi, bai kuma bar wurin ba har yinin ya ƙare, ana ɗora masa kambi na ganyen wani babban itacen kurmi da ake kira kerkus. Ganye ne kawai, akuya ma za ta ci, amma mai shi in ya shiga filin wasa a Roma 'yan Majalisa miƙewa suke yi, kuma ba a taɓa jin an bar mai kambi a bayan sahu ba. Sai dai shaidu ba su da amfani a wannan sha'ani, ko da runduna ce gaba ɗaya ta gani. Wanda aka ceta shi zai tsaya ya faɗa da bakinsa, ya ɗora kambin da hannunsa. Daga ranar kuwa ya yi uba na biyu, zai tashi masa, ya ba shi hanya, ya girmama shi kamar mahaifi har mutuwa.

Mutanen ɗarin ba su jira ba. Suka tsinko ganye suka saƙa kambi suka rataye a ƙofar bariki, suna tsokanar Dasiyus cewa ya haihu da tsufa, kuma ɗan ya zo da ratsinsa. Wani ya ce in ya je Roma ya tuna da su, ya sa 'yan Majalisa su tashi su zauna, su tashi su zauna, har cinyoyinsu su yi tsami. Dasiyus yana korarsu da zagi, amma fuskarsa ta kasa ɓoye daɗin da yake ji.

Tattaya ce ba ta yi murna ba. Tana wanke masa kafaɗa da ruwan tsami ta tambaye shi ko ya taɓa ganin uban yaron. Ya ce ina zai gan shi.

"To mutumin da ke zaune a Majalisa shi ne zai miƙe maka? Kai da ubanka ya mutu yana kiwon aladu a kan dutse?"

"Al'ada ce, Tattaya. Ba ni na yi ta ba."

"Na ji. Ɗaga hannun in ɗaure."

Bitus ma bai shiga wasan ba. Yana zaune bayan bariki yana niƙa alkamarsa shi kaɗai, a dutsen da shi da ƙanensa suke juyawa tare. Dasiyus ya je ya tsuguna kusa da shi. Bitus bai ɗaga kai ba. Ya ce da sahu ya fara motsi Tarsa ya waiwaya ya nemi gorar mataimaki, bai gan ta ba, a wannan waiwayen aka sare shi.

"Ban ce ka yi laifi ba, mataimaki. Amma ka karɓo kambin nan. Ka karɓo in gani da idona, in san abin da Tarsa ya mutu a kai."

Wannan magana ta zauna wa Dasiyus a ƙirji, ta fi raunin kafaɗar ciwo.

Kwanaki suka wuce Mamiliyus bai aiko ba. Aka ce ƙafarsa ce. Ana jibi za a yi taron rabon lambobin yabo sai bawansa ya zo da rana ya kira Dasiyus. Gidan masu ratsi yana da wuta a ƙarƙashin daɓe, Dasiyus ya ji ɗumi yana shiga tafin ƙafarsa ta cikin takalmi. Saurayin ya kori bayi, ya ɗingisa ya zuba masa ruwan inabi da kansa, ya miƙa masa jan bargonsa an wanke an ninke. Ya yi masa godiya da hawaye a ido, kuma hawayen na gaske ne. Sannan ya zauna ya fara bayani, yana kallon ƙasa.

Shugaban runduna aminin ubansa ne, kuma tuni ya aika Roma da labarin cewa Mamiliyus ya yi faɗa a ƙasa bayan an kashe dokinsa, ya riƙe wurin har taimako ya zo. Ubansa yana neman Kaisar ya sa masa hannu a takarar bana. Akwai 'ya'yan wasu gidaje da ke neman kujerar, kuma in labarin kambi ya isa can, kafin ya sauka daga jirgi 'yan wasa sun riga sun yi masa waƙa a kasuwa, suna tambayar wanne ne ubansa a cikin biyun. Sandar Firmus kuwa an riga an yi alkawarinta ga ɗan wakilin gonakin ubansa, yana hanya. Amma in Dasiyus ya yi shiru, da zarar shi Mamiliyus ya shiga Majalisa, sanda ta farko da ta faɗi a ko'ina ta Dasiyus ce.

"Yallaɓai," in ji Dasiyus, "waɗanda suka riga ka sa rigar nan duk sun faɗa mini haka. Ba wanda ya tuna sunana bayan ya hau jirgi."

"Ni ba su ba ne."

"Na sani. Shi ya sa ban roƙe ka komai ba. Abin da ya faru kawai za ka faɗa. An rasa mutane a wurin da na bari, kuma 'yan'uwansu suna kallona."

Dasiyus ya miƙe. Yana bakin ƙofa ya ji muryar saurayin, kusan irin ta cikin kurmi.

"Kada ka tambaye ni a gaban mutane, abokin yaƙi. Ina roƙonka."

Nan Dasiyus ya yi kuskuren da sai sojan da ya tsufa a bakin iyaka zai yi. A wurinsa ba a ƙarya a gaban Mikiyar runduna, babbar tutarmu mai siffar mikiya. A gabanta muke rantsuwa kowace shekara, a ranar bikinta muke shafa mata mai mu yi mata ado da fure, saboda ita mutum yake tsayawa a sare shi. Ya ɗauka saurayin zai iya ɓoye gaskiya a ɗaki mai ɗumi, amma in aka tsayar da shi a gabanta bakinsa zai faɗa da kansa. Bai san cewa a wurin masu ratsi Mikiya azurfa ce a kan sanda, wadda ake wucewa ta gabanta a kan hanyar zuwa Majalisa ba.

Ranar taron aka jera mu a fili da safe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Shugaban runduna yana kan dandamali, tsohon ɗan siyasa mai taushin murya, Mamiliyus a damansa, Mikiya a bayansu. Aka raba awarwaro da sarƙoƙi. Sannan mai shela ya yi tambayar da ake yi bayan kowane yaƙi, ko akwai mai neman wani girma da ba a ambata ba. Yawanci ba mai amsawa. Dasiyus ya fito daga bayan sahu, ya bi ta gefen ɗarinsa har gaba, ya tsaya. Ya faɗi sunansa da na ɗarinsa, ya ce ya ceci ran ɗan Roma, ya kashe wanda ya zo kashe shi, bai bar wurin ba har yamma, kuma wanda ya ceta yana tsaye a kan dandamali.

Shugaban ya juya a hankali ya dubi Mamiliyus, ya ce al'ada ta ba shi magana.

Saurayin ya yi fari fat. Bai dubi Dasiyus ba, bai dubi Mikiya ba, ya sa ido can saman kawunanmu. Amma an koya masa magana a gaban taro tun yana ƙarami, muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Dokina ya faɗi, na zare ƙafata, na yi faɗa a ƙasa. Mataimaki ya zo daga baya ya tsaya kusa da ni. Jarumi ne, ba na musu. Amma raina bai fita daga hannuna ba."

Guna-guni ya tashi daga ɗarin Firmus, wasu har suka fara buga garkuwa. Shugaban ya ɗaga hannu ya tuna musu, cikin ladabi, cewa su ma sun san shaidu ba su shiga wannan magana. Da aka yi shiru ya sunkuyo ya dubi Dasiyus kamar mai tausayi.

"To, mataimaki. In ba ceto ka je ba, me ya fitar da kai daga sahu, shugabanka yana kwance, ɗarin tana hannunka?"

Sai a lokacin Dasiyus ya ga ramin da ya taka. Ya zo neman kambi ya faɗi da bakinsa, a gaban runduna, cewa ya bar wurinsa. Hukuncin wanda ya bar sahu kowa ya san shi, waɗanda ya bari su ne za su kashe shi da kulki. Aka cire masa kwalkwali da ɗamara, aka kawo kulake cikin kwando aka bi ɗarin ana miƙa wa kowa. Mutanen da suka saƙa masa kambi suka karɓa, don wanda ya ƙi shi ma ya shiga ciki. Dasiyus ya ga Bitus a sahun gaba, kulki a hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Tsoro ya kama Dasiyus, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba a cikin kurmi.

Ana shirin ba da alama sai Mamiliyus ya sauko daga dandamali yana ɗingishi, ya tsaya tsakanin Dasiyus da kulake. Ya yi magana mai daɗi, ban taɓa jin irinta ba. Ya kawo shekarun mutumin, ya nuna tabban jikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce kuskure ne na zuciya mai zafi, ya roƙi Shugaba ya ba shi ran wannan soja kyauta, shi da bai taɓa roƙon komai ba. Shugaban ya shafa haɓa, ya yi kamar abin ya yi masa nauyi. Ko sun shirya wannan tun a gida, ko a take ya zo wa saurayin, ban sani ba, kuma har yau ban san wanne ya fi muni ba. Daga ƙarshe ya ce ya bari. Za a karɓe gorar mataimaki, Dasiyus ya koma soja kamar kowa, a riƙa ba shi sha'ir maimakon alkama, ya kwana a wajen ganuwa har ranar sallamarsa.

Runduna ta ɗauki sowa. Mu ma mun yi, kada in ɓoye, don muna ƙaunar mutumin kuma ba za a kashe shi ba. Sunan Mamiliyus muke kira. Shugaban ya bari muka yi mai isarmu, sannan ya sake ɗaga hannu.

"Ka gani, soja. An ceci ranka a gaban Mikiya, kowa shaida ne. Amma kai ka tuna mana yau cewa wanda aka ceta shi ke faɗa. Muna saurare."

Dasiyus ya tsaya. Kulake suna hannun mutane, ba a tattara ba tukuna. Ya tuna Tattaya, wadda in ya mutu yau ko tokarsa ba za a ba ta ba, tunda ba kowansa ba ce a wurin hukuma. Ya durƙusa a kan ciyawa mai sanyi.

"Ka ceci raina."

"Na baya ba su ji ba," in ji Shugaban.

"Ka ceci raina, yallaɓai."

"Haka ake kiran wanda ya ba mutum rai?" in ji Shugaban, muryarsa a tausashe.

Dasiyus ya ɗaga kai. Karo na farko a ranar idonsa ya haɗu da na saurayin, ya ga leɓensa yana motsi kamar zai ce a bari. Bai ce ba. Dasiyus mai furfura ya buɗe baki, da muryar da ya saba mayar da mutane cikin sahu, ya faɗa har na bakin ganuwa suka ji:

"Ka ceci raina, Baba."

Mamiliyus ya ɗora masa hannu a ka, kamar yadda ake yi. Daga baya mun ji cewa labarin tausayinsa ya riga shi isa Roma, kuma ya yi masa amfani fiye da labarin faɗan.

Da aka watse Dasiyus ya karɓi buhun sha'irinsa ya fita ta ƙofar yamma. Kambin da aka rataye a ƙofar bariki wani ya riga ya cire, ba a san wa ba. Yana isa bukkar ya tarar da ƙofa a sake, iska tana buga ta. Tattaya tana zaune a ciki, ta riga ta ji komai, don sowar ta kai har unguwarsu kuma labari ya biyo ta. A kan cinyarta ga sandar. Matar da ta ce ba mai miƙe masa, ita ce ta tashi da sassafe ta wanke ta, ta kankare kashin agwagi, ta shafe ta da ɗan man zaitun da ya rage mata har sheƙin ya dawo.

Dasiyus ya ajiye buhun a gindin murhu, ya karɓi sandar daga hannunta, ya juya ta sau ɗaya ya ga yadda ta yi kyau. Sannan ya tura ƙofar ya tokare ta da ita, don sanyi yana shigowa.